Rigasa Ta Tashi Daga Ƙauye, Lissafinmu Bai Tashi Ba

Duk wanda ya baro Tudun Wada ya nufi yamma, ya tsallake titin Nnamdi Azikiwe ta Bakin Ruwa, to ya shiga Rigasa. A ido babu abin da ya raba ta da birnin Kaduna, gida na jingine da gida har inda gani ya ƙare. Amma a takarda ba ta cikin Kaduna ta Arewa, ba ta cikin Kaduna ta Kudu. Gunduma ce a Ƙaramar Hukumar Igabi, wadda hedikwatarta ke can Turunku ta wajen hanyar Zariya. Dattawan da suka san ta tun da farko suna tuna ta da ƙauyen manoma ne, gidaje 'yan kaɗan a tsakiyar gonakin dawa da masara. Muna ganin ya kamata mu malamai mu tsaya a kan labarin wannan wuri, domin a ajinmu ne sakamakonsa yake sauka.

Haɗiye ƙauyuka tsohuwar ɗabi'ar Kaduna ce. Tun da Turawa suka dawo da mazaunin mulkin Arewa nan daga Zungeru a 1917, a ƙasar da Gbagyi ke noma da kamun kifi, birnin yake miƙe ƙafa. Kawo da Malali da Badarawa duk sun taɓa zama bayan gari. Abin da ya bambanta Rigasa shi ne saurin cikarta. Da fari leburori da 'yan kasuwa da ƙananan ma'aikata ne suka je neman fili mai araha, saboda kuɗin haya ya fi ƙarfinsu a cikin gari. Sai rikicin shekarar 2000 da na 2002 suka raba mazauna Kaduna, da yawa daga Musulmin kudancin kogi suka hauro arewa, Kiristoci da yawa suka gangara kudu. A 2016 aka buɗe tashar jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna a Rigasa, filaye suka yi daraja. Bayan haka kuma ga waɗanda 'yan bindiga suka kora daga ƙauyukan Birnin Gwari da Giwa da Igabi kanta.

Mutane nawa ne ke zaune a Rigasa yau? Ƙidayar ƙarshe da aka yi a ƙasar nan ita ce ta 2006, wadda ta ba Igabi gaba ɗayanta mutum kusan 430,000. Wadda aka shirya yi a 2023 an ɗage ta. Yaron da aka haifa a shekarar waccan ƙidaya ya gama sakandare, wataƙila wata 'yar ajinsu ma tana goye da nata ɗan. Duk wani tsari da ya dogara da wancan adadi, ɗinkin riga ne da awon yarinta.

Ba mu manta da labarin firamaren Titin Lakwaja ta Rigasa ba, wadda a 'yan shekarun baya jaridu suka ruwaito ɗalibanta sun haura 20,000. Manufar ilimi ta ƙasa ta ce malamin firamare ɗaya ya riƙe yara 35. Bisa wannan ma'auni, makarantar nan kaɗai tana buƙatar malamai fiye da 570. An ƙara gine-gine tun daga lokacin, kuma yabon gwani ya zama dole. Amma kowane ɗan ƙungiyar nan da ya koyar a irin waɗannan unguwanni ya san yadda ajin yake: kiran suna kaɗai ya cinye rabin darasi, na gaba suna zaune har gindin allo, na baya ba sa jin murya, duba littattafai kuwa sai dai a kai gida, iyali su yi haƙuri. Idan sakamako ya fito ba daɗi, malamin ake fara tuhuma.

Cikar Rigasa kuwa ramar wasu wurare ce. Iyalin da ya sauka a Hayin Ɗanmani da tabarma da tukwane ya bar wani ƙauye da kango. Bayan sace ɗaliban Kuriga a Ƙaramar Hukumar Chikun ranar 7 ga Maris, 2024, wane uba ne a ƙauyen da ke bakin daji bai sake tunani ba kafin ya tura ɗansa makaranta? Yaran da suka yi gudun hijira suna iso mana a tsakiyar zango, ba takardar canjin makaranta, wasu sun yi shekara ba su riƙe fensir ba. Sunansu na nan a rajistar ƙauyen da suka bari, jikinsu kuwa yana cikin ajinmu.

Ra'ayinmu shi ne, kafin a yi sabuwar ƙidaya, rajistar aji ita ce ƙidaya mafi kusa da gaskiya da hukuma ke da ita, don kullum safiya ake sabunta ta. Ya kamata Hukumar Ilimin Bai-Ɗaya ta Jiha da sakatarorin ilimi su riƙa raba malamai da benci da azuzuwa bisa yawan yaran da ke halarta a kowane zango.

Za a ce ai rajista ma ana yi mata ƙari. Haka ne, an ji irin wannan zargi, musamman bayan fara ciyar da ɗalibai a 2016, lokacin da makarantu suka cika maƙil. Wannan nauyi a wuyanmu yake. Duk shugaban makarantar da ya rubuta sunan yaron da babu shi ya karya hujjar 'yan'uwansa masu yara na gaske. Mu riƙe rajista da amana, kwamitin makaranta da mai unguwa su sa hannu a matsayin shaidu, jami'in duba makarantu ya zo ba sanarwa ya ƙirga da kansa. Mai gaskiya ba ya tsoron awo.

Za a kuma ce, idan malami zai bi yawan yara, sai a rufe makarantun ƙauyukan da suka rame. Ba mu yarda ba. Manomin da ya gudu yana jiran ranar komawa gonarsa, kuma cikin abin da zai fara tambaya akwai makaranta. Inda tsaro ya hana zama, a mayar da malamai wuri mafi kusa na ɗan lokaci, a bar sunan makarantar da gurabenta a littafi. Inda ake iya zama, a ba malamin alawus ɗin karkara da zai riƙe shi. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ba ta ware ɗan ƙauye daga ɗan birni ba.

Abu na ƙarshe shi ne fili. Ƙauyukan da ke bayan Rigachikun da na hanyar Mando suna kan turbar da Rigasa ta bi, gonaki na komawa fuloti. Da zarar an yanka an sayar, babu sauran inda za a gina aji sai da diyya mai tsada. Tun ran gini ran zane. Muna kira ga hakimai da dagatai da ƙananan hukumomi su keɓe filin makaranta kafin a kafa turken farko.

Mu kuwa 'yan'uwa malamai, a taron reshe mai zuwa kowace makaranta ta zo da adadin yaranta aji-aji, da na malamanta, da na waɗanda suka shigo a tsakiyar zango da ƙauyukan da suka fito. Da wannan takarda shugabanninmu za su zauna da hukuma.