Fotokwafi a jami'o'i: wa zai biya marubuci ba tare da an matse ɗalibi ba?

Daga Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai zuwa ta Ngaoundéré da ta Legon a Ghana, shagon fotokwafi ya zama ɗakin karatu na biyu. Yawancin littattafan likitanci da shari'a da tattalin arziki daga Faransa ko Ingila ake shigo da su, farashinsu kuma ya fi ƙarfin aljihun ɗalibi. Yanzu wayar hannu ta ƙara sauƙaƙa lamarin: littafi guda yana zagaye aji ta WhatsApp kafin a tashi darasi. Abin da ba a daidaita ba shi ne haƙƙin wanda ya rubuta.

A Nijar da Kamaru da Cadi, tushen dokar shi ne Yarjejeniyar Bangui ta 1977, wadda ta kafa ƙungiyar OAPI mai ƙasashe 17 da hedikwata a Yaoundé. Ta bar ƙofa a kwafi maƙala ko ɗan yankin littafi don koyarwa, amma ba littafi sukutum ba. A tsakanin waɗannan biyun ne kundin darasi da malami ke harhaɗawa daga littattafai daban-daban ya maƙale.

Hanya ta farko ita ce lasisin bai-ɗaya. A Faransa, dokar 1995 ta sa karɓar kuɗin kwafi a hannun ƙungiya ɗaya, CFC, jami'o'i na biya gwargwadon yawan ɗalibansu, ita kuma ta raba wa marubuta da kamfanonin buga littattafai. Ghana ta bi irin wannan tsari ta hannun CopyGhana. Amfaninsa shi ne malami zai raba takardu hankali kwance. Matsalarsa kuwa biyu ce: kuɗin na iya komawa kan ɗalibi, kuma idan littattafan waje aka fi kwafa, rabon gaskiya zai tura kaso mai tsoka ƙetare.

Hanya ta biyu ita ce faɗaɗa sassaucin da doka ke yi wa ilimi. A 2012, kamfanonin Oxford da Cambridge da Taylor & Francis sun kai ƙarar Jami'ar Delhi da wani shagon fotokwafi da ke harabarta. A 2016 babbar kotun Delhi ta ce kwafin da aka yi don koyarwa bai keta doka ba, kamfanonin kuma suka janye ƙarar a 2017. Sai dai dokar Indiya ce ta ba da wannan dama. Ga ƙaramin kamfanin ɗab'i na Yamai ko Accra, wanda ɗalibai ne kaɗai kasuwarsa, irin wannan sassauci na iya karya jari.

Hanya ta uku ba ta jiran majalisa ko kotu. Malami na iya sakin darasin da ya rubuta da lasisin Creative Commons, wanda ke halatta rabawa muddin an ambaci sunansa. UNESCO ta goyi bayan hakan a shawarar da ta amince da ita a 2019. Wannan ya fi muhimmanci ga darussan Hausa da sauran harsunan gida, inda littattafan ba su da yawa kuma masu karatun sun warwatsu a ƙasashe da dama.

Amma rubuta littafi aiki ne mai cin lokaci. Muddin jami'o'i ba su biya malamai kuɗin rubutun ba, ko su ƙidaya shi wajen ƙarin girma, kaɗan ne za su saki aikinsu kyauta, ɗalibi kuma zai ci gaba da bin layi a shagon fotokwafi.