MASHAYI BA YA RIƘE BINDIGA, KO DA ƊANMU NE

Yau kukanmu a cikin gida yake, kuma mun san ba zai yi wa wasu dattawanmu daɗi ba.

Tun da aka ƙirƙiro ƙaramar hukumar Jos ta Arewa a 1991 muke fama da maganar takardar shaidar asali. Yaron da aka haifi kakansa a Gangare ko Dilimi zai nemi aikin soja ko ɗan sanda, a ce masa ya tafi Kano ko Bauchi ya nemo takarda. Wannan zalunci ne, sashe na 42 na tsarin mulkin 1999 ya hana shi, kuma ba za mu daina faɗa ba. To amma takarda ƙofar farko ce kawai. Bayanta akwai tantancewa: gwajin lafiya, binciken hali, da takardar mai tsaya wa yaro. A nan ne muke cutar kanmu da hannunmu.

Wai shin da wace fuska dattijo zai sa hannu ya ce ya san yaro mutumin kirki ne, alhali unguwa kaf ta san da goskolo yake kwana? A ajinmu na yaƙi da jahilci muna taya mutane cika irin waɗannan takardu, mun kuma ga abin da idonmu. An taɓa kawo mana wani yaro yana warin giya da hantsi, kawunsa na cewa, "Malam, a taimaka, in ya samu kaki zai shiryu." Kaki ba asibiti ba ne, Alhaji! Wanda bai iya riƙe kansa ba, yaya za a damƙa masa bindiga da sirrin aiki? Mu da muka ga Satumbar 2001, muka ga Nuwambar 2008 da Janairun 2010, mun fi kowa sanin abin da harsashi ɗaya yake jawowa a garin nan. Dokar sojojin Nijeriya ma ta ɗauki maye a matsayin laifin da ake hukunta soja a kansa.

Kada wani ya ce mun kawo wa'azi. A Amurka, inda giya ba haramun ba ce a doka, shan giya yana cikin abubuwa 13 da ake dubawa kafin a amince wa ma'aikaci ya ga asirin gwamnati. Ba kurɓa ɗaya suke bi ba. Suna duba ko an kama mutum yana tuƙi a buge, ko yana zuwa aiki cikin maye, ko likita ya ce ya kamu ya kuma ƙi magani. Dalilinsu shi ne mashayi bakinsa ba ya da linzami. Amma wanda ya amsa laifinsa, ya nemi magani, aka ga ya daɗe bai koma ba, ana iya ba shi. Wanda ya ɓoye aka gano, ƙaryar ta fi giyar kayar da shi.

Irin wannan ma'auni muke nema a Filato: a auna hali, a bar tambayar garin kakanni. A gwada ɗan Hausa, a gwada ɗan Birom, Anaguta da Afizere da gwaji iri ɗaya, kuma a riƙa gwada waɗanda suka riga suka shiga, domin mu ma muna wuce shingayen hanya da dare, hancinmu kuma lafiyarsa lau. Sai dai ba mu da bakin neman wannan muddin muna tura bugaggu da sa hannunmu. Duk yaronmu ɗaya da aka kora saboda maye, hujja ce muka miƙa wa masu cewa ba mu cancanta ba, kuma gurbin wani natsattse ya cinye.

Saboda haka daga yanzu ba za mu cika wa kowa takarda ba sai mai unguwarsa da limaminsa sun shaide shi. Wanda ya san ɗansa ya faɗa wannan hali, ya same mu bayan sallar la'asar mu haɗa shi da likita, cikin sirri. In ya warke, mu da kanmu za mu raka shi.