Jama'ar Tishigu, Yaranmu Na Gudu Babu Mai Kallo

A hunturun bara na je wata makarantar sakandare ta gwamnati a nan Tamale ranar gasar guje-guje tsakanin gidajen kwanan ɗalibai. Da toka aka shata layukan filin. Wata yarinya, siririya kamar karan dawa, ta cire takalminta ta ajiye a gefe, ta yi gudun mita 400 da ƙafa tsura a kan jar ƙasa mai tsakuwa, ta bar ta biyu da tazarar da ta kai tsawon ɗaki uku. Tana kaiwa ƙarshe ta zube, ƙawayenta suka ruga suna yi mata fifita da kwali, wata ta zuba mata garin gulukos a tafin hannu, wata ta fasa ledar ruwa a kanta. 'Yan gidanta suka ɓarke da waƙar jama har da kiɗa a bayan bokiti.

Na waiga ina neman mahaifiyarta ko mahaifinta. Iyayen da suka zo ranar duka ba su cika benci biyu ba. Wallahi abin ya tsaya mini a rai har yau.

'Yan'uwana na Tishigu, da ku na Zango da Sabonjida da Aboabo, ina muka shiga? Ɗanka ya fito a takardar WASSCE, unguwa ta ɗauka. Ɗanka ya ci wa makarantarsa ƙwallo uku a gasar makarantu ta inta-ko, sai ka ce masa, "Ƙwallo za ka ci?" Na sha jin wannan magana a bakin iyaye, kuma na san ba ƙiyayya ba ce, tsoro ne: kada yaro ya bi wasa ya bar littafi. To amma ku dubi tarihin garin nan da kanku.

Makarantar Ghanasco, wadda aka buɗe a 1960 zamanin Kwame Nkrumah, ita ce ta koyar da John Dramani Mahama. Ita ce kuma ta koyar da Abedi Ayew, wanda duniya ta sani da Abedi Pele. Ya buga wa ƙungiyar Real Tamale United wasa. Yana ɗan shekara 17 ya tafi Libiya da Black Stars a 1982, suka dawo da kofin Afirka, kofin da har yau Ghana ba ta sake ɗagawa ba. Sau uku a jere, 1991 da 1992 da 1993, aka zaɓe shi gwarzon ɗan ƙwallon Afirka, kuma a 1993 ya ci kofin zakarun Turai da Marseille. Makaranta ɗaya ta fitar da shugaban ƙasa da sarkin ƙwallo, aji bai kori fili ba, fili bai kori aji ba. Tamasco, uwar sakandaren Arewa tun 1951, ta yaye Alhaji Aliu Mahama, kuma sunansa ne a kan babban filin wasan da aka gina mana domin gasar Afirka ta 2008.

Kada wani ya ce ai wannan zamanin da ne. Abdul Fatawu Issahaku ɗan garin nan ne. Shi aka zaɓa gwarzon gasar Afirka ta 'yan ƙasa da shekara 20 a 2021, kafin ya wuce Fotugal da Ingila. Ku kuma iyaye mata, ku riƙe sunan Mukarama Abdulai: ƙwallo 7 ta zuba a gasar duniya ta 'yan mata 'yan ƙasa da 17 a Urugwai a 2018, ta dawo da takalmin zinare. Yarinyar da na gani tana gudu babu takalmi, wa ya san abin da Allah ya ajiye a ƙafarta?

Amma abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne ganga. Ƙwallo ko mun yi sakaci akwai mai nemanta, domin akwai kuɗi a cikinta. Takai fa? Duk wanda ya taɓa tsayawa kusa da da'irar takai ya san ba tsalle-tsalle ba ne. Maza sanye da batakari suna juyi, rigar tana buɗewa kamar laima, kowa riƙe da sandar ƙarfe. Ka juya ka buga da na gabanka, ka juya ka buga da na bayanka, kuma dole ƙarar ƙarfen ta faɗo daidai kan bugun gangar gungon. Ka yi jinkiri da ƙiftawar ido, yatsan ɗan'uwanka ne zai biya. Yaron da ya iya wannan ya koyi lissafi da sauraro da kula da na kusa da shi a lokaci guda. Haka bamaya da karkaɗa ƙugunta, haka tora ta 'yan mata, haka jera. Lunsi, makaɗan lunga, su ne ma'ajiyar tarihin Dagbon: a bakinsu jerin sarakuna da kirarinsu yake zaune. Mu Hausawa kuma kada mu tsaya gefe kamar baƙi. Lunga ɗan'uwan kalangunmu ne, gonje kuma ko sunansa ka ji ka san danginsa da goge. Tare kakanninmu suka yi ciniki a hanyar goro ta Salaga, tare muke cika titi ranar Damba.

Ɗalibin da ya zo daga ƙauye ya yi shekara uku a makarantar kwana, idan ƙungiyar al'adu ta makaranta ta mutu, ina zai koyi waɗannan? A waya? Tun da aka fara karatun sakandare kyauta a 2017 ɗalibai sun ƙaru ƙwarai, abin farin ciki ne, amma ganga ɗaya mai yagaggiyar fata ba za ta ishi yara ɗaruruwa ba, malamin wasanni guda kuma ba zai rabu goma ba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Saboda haka nake kiran ku da sunayen sana'o'inku. Baba makaɗi, ka ba makarantar da ke kusa da kai yammaci ɗaya a mako, ka zauna da yaran nan ka gyara musu hannu. Masu saƙa da ɗinkin batakari, ku haɗu ku ɗinka wa ƙungiya ɗaya kayan rawa, ko goma ne. Maƙera, sandunan takai aikin wuni ɗaya ne a wurinku. Mahauta, fatar akuya nawa ke wucewa ta hannunku bayan Babbar Salla? Tsofaffin ɗalibai da ke Accra da Kumasi da Turai, taron shekara da hotuna sun yi kyau, amma ku tambayi malamin wasanni ƙwallo nawa ke cikin sito da takalmin gudu nawa. Malamanmu na addini, ku taimaka mana da baki: gudu da motsa jiki ba su saɓa wa tarbiyya ba, kuma yarinya za ta iya yin tsere cikin sutura ta mutunci idan an ɗinka mata. Hajiya mai koko da ƙosai, ko kofi ashirin kika kai wa 'yan gudu da safe, kin shiga cikin ladan.

Wanda ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan, yana da ƙafa da murya. Yau da daddare, bayan tuwo, ka kira ɗanka ko 'yarka ka tambaya: wane gida kake, wace kala ce rigarku, yaushe ne gasar? Ka rubuta ranar a bango. Idan ta zo, ka rufe shago na awa biyu, ka ɗauki uwar yaran a bayan babur, ku je ku tsaya a bakin layin tokar nan, inda yarinyar za ta gan ku tun daga kwanar ƙarshe.