Uwaye, a Leƙa Lakwal Kafin Nowel

A Yamai, Maraɗi da Damagaram, Disamba watan aiki ne a makarantun Mishon Katolika. Yara suna jarrabawar ƙarshen zangon farko, suna share fili, suna koyon waƙoƙin ranar biki. Mafi yawansu ƴaƴan Musulmi ne, kuma teburi guda suke zama da ƴaƴan Kirista.

Amma uwaye da yawa ba su taka ƙofar lakwal sai ranar bikin. Wannan kuskure ne. Uban da ya biya kuɗin karatu bai sauke nauyinsa ba tukuna. Wajibi ne ya gana da mushe, ya halarci taron ƙungiyar uwaye, ya duba makin ɗansa. Wanda ya yi karatun yaƙi da jahilci ya iya karanta makin da kansa, ba shi da hujja.

Akwai kuma dalilin da ya fi wannan girma. A watan Janairu na 2015 an ƙone majami'u da makarantu a Damagaram da Yamai. Lakwal da uwayen unguwa suka san cikinta, jita-jita ba ta samun gindin zama a kanta. Zumunta a ƙafa take. Kafin hutun 25 ga Disamba, kowane uba da kowace uwa su je su gani da idonsu.