Buɗaɗɗiyar Wasiƙa ga Dillalan Motocin Gwanjon Intanet

'Yan'uwana masu sayo motoci daga gwanjon Amurka, 

Sana'arku ta sauya a kan idonmu. A da sai mutum ya niƙi gari ya tafi Kwatano, ya zagaya fili, ya buɗe gaban mota ya kasa kunne ga inji. Yanzu, musamman bayan da gwamnati ta hana shigo da motoci ta iyakokin tudu a farkon 2017, saurayi yana zaune a shagonsa a Kano ko Kaduna, waya a hannu, yana taya motar da ke ajiye a wani fili a Texas ta shafin Copart ko IAA. Ciniki ya faɗa, a loda ta a jirgin ruwa, ta sauka Tin Can a Legas. Wannan ci gaba ne, kuma ya rufa wa gidaje da yawa asiri.

Sai dai akwai maganar da muke yi a ƙasa-ƙasa, gara a fito da ita fili. Yawancin motocin da ke waɗannan shafuka kamfanonin inshora ne suka kai su, bayan sun auna sun ga kuɗin gyara ya kusa kuɗin motar ko ya wuce shi. Kuma shafin bai ɓoye muku komai ba. Ya rubuta inda ta bugu, ya sa hotuna, ya faɗi irin takardar da take ɗauke da ita: ko tsaftatacciya ce, ko ta motar da inshora ta sallama, ko ma wadda aka ce ba ta sake hawa titi ba sai dai a cire kayanta. Kun gani da idonku kafin ku taya. Ashe ƙaryar a hannunmu take shiga, tsakanin garejin mai gyaran bodi da hoton da ake sawa a WhatsApp. Motar da ta bar Amurka gabanta a murƙushe, gilashi a tsage da rubutun alƙalami mai ruwan ɗorawa a jikinsa, ita ce bayan 'yan watanni take sheƙi, an rubuta a ƙasa: "Fas bodi, ko ƙwarzane babu, wata tsohuwa ce ke zuwa cefane da ita."

Ba wanda ya ce sayar da motar da ta yi hatsari laifi ne. Akwai mai ƙaramin ƙarfi da zai karɓe ta hannu biyu in an faɗa masa, an rage masa kuɗi. Ɓoyewar ce ha'inci, kuma ramin ƙarya ya ƙara ƙurewa a wannan zamani. Kowace mota tana da lambar shasi mai harufa da lambobi 17, tana nan a gindin gilashin gaba ta ɓangaren direba, tana kuma jikin ginshiƙin ƙofa. Yaron da ke aji uku a sakandare zai iya buga ta a Google, sau da yawa kuma hotunan ranar gwanjo su fito masa. Da kuɗi kaɗan shafin Carfax zai ba shi tarihin da aka rubuta a kanta. Ita kanta hukumar kwastam da wannan lamba take ƙiyasta kuɗin fito tun 2022. To mai ɗora takarda ko yatsa a kan lambar lokacin ɗaukar hoto, wa yake yi wa wayo?

Abu biyu ne suka fi ci mini rai. Na farko jakar iskar nan da ke fashewa ta tare direba a lokacin karo. In ta fashe a can, sabuwa tana da tsada, sai wasu su ɗinke murfin sitiyari, su bar cikin fayau, su sa mai wayarin ya kashe fitilar da ke kashedi a gaban direba. Mai saye ya kwashi iyalinsa ya hau hanyar Abuja zuwa Kaduna yana ganin akwai abin da zai tare shi. Wannan ya wuce algus, wasa ne da ran Musulmi da wanda ba Musulmi ba, kuma wanda ya ba da umarnin a yi bai fi wanda ya ɗinke tsira ba.

Na biyu motar ambaliya. Guguwar Harvey da ta afka wa Houston a 2017 ta nutsar da dubban ɗaruruwan motoci, kuma kusan kowace shekara sai an sami irin wannan a Florida ko maƙwabtanta. Motar ruwa ta fi kowace kyau a hoto, domin bodinta lafiya lau. Cutar tana ciki. Ɗaga kafet ka ga busasshiyar laka, leƙa ƙarƙashin kujera ka ga tsatsa a ƙarafan da take zamewa a kai, jawo bel har ƙarshe ka ga layin da ruwa ya tsaya. Wata uku ko huɗu sai ƙwaƙwalwar mota ta fara hauka: yau gilashi ya ƙi sauka, gobe giya ta ƙi shiga, jibi ta mutu a tsakiyar shataletale. Bakanike ya yi ta lalube, mai mota ya yi ta tsine wa wanda ya sayar masa.

Juya lambar nisan tafiya baya kuwa, ko faɗa, sata ce. Haka nan mil 100,000 kilomita 160,000 ne, a faɗa wa mai saye wanne ake nufi. Sannan alamar da shafin gwanjo yake sawa cewa mota tana tashi tana tafiya, abin da take nufi shi ne ta tashi ta motsa lokacin da aka kawo ta filin. Kada ku mayar da ita shedar lafiyar inji.

Ku kuma masu taya wa mutane da kuɗinsu, amana ce a hannunku. Ku nuna wa mai kuɗi rasidin gwanjon kansa, da kuɗin da shafin ya caza, da na jigila zuwa tasha, da na jirgi, da farashin da kuka sayi dala. Ku faɗi la'adarku baki da baki tun kafin a fara, ba wanda zai hana ku ita. Ku daina fito da motar Alhaji da kuɗin Hajiya, kuna jiran na uku ya kawo ku cike ramin. Ranar da dala ta yi tsalle, a ofishin 'yan sanda ake ƙarewa. Masu shirya ƙananan gwanjo a Instagram da zaurukan WhatsApp kuma, sa aboki ya riƙa ƙara tayi alhali ba saye zai yi ba shi ne najashin da malamanmu na fiƙihu suka ce haramun ne, ko da ta waya aka yi shi.

Kun san 'yan damfarar da ke sanya hoton kakin kwastam a Facebook suna tallar motocin gwanjo a kashi ɗaya bisa uku na kuɗinsu, su karɓi kafin alƙalami su kashe waya. Hukumar tana da nata shafin gwanjon tun 2017, kuma ta sha yin kashedi a kansu. Amma wanda aka cuta ba ya bambance su da ku, dillalin intanet kawai zai ce. Wake ɗaya shi ke ɓata gari.

Don Allah, daga yau duk motar da za ku tallata, ku sa lambar shasinta a layin farko, ku haɗa da hotunan ranar gwanjo kusa da na bayan gyara. Ku bar mai saye ya zo da bakanikensa da na'urar gwaji ba tare da kun ɓata rai ba. Kai kuma mai saye da wannan wasiƙa ta faɗo hannunka, kada ka tura ko sisi sai an ba ka lambar ka duba da kanka.