Raddi Ga Masu Cewa Kuɗi Kaɗai Ya Ɗaukaka Levi Morton

Masu wannan ra'ayi suna cewa wai Morton, tsohon mataimakin shugaban ƙasar Amurka, ɗan gata ne, wai sayen muƙamai ya yi, wai kuma bai tsinana komai ba a kan mulki.

Ta farko ba ta da tushe. An haife shi a Shoreham ta jihar Vermont a 1824, ɗan limamin coci ne, bai taka jami'a ba, da yaron kanti ya fara. A 1861 kasuwancinsa na yadi ya karye, domin yaƙin basasar Amurka ya hana shi karɓar bashin da yake bin 'yan Kudu. Da ya buɗe banki a 1863 ya farfaɗo, sai ya biya masu binsa bashi kuɗinsu cif. Wannan ne gatan?

Ta biyu kuwa, gaskiya ne ya tara wa jam'iyyar Republican kuɗin zaɓe, ba mu musanta ba. Amma kujerar da ya ƙwallafa rai a kanta a gwamnatin shugaba Garfield ita ce ta ministan kuɗi, kuma an hana shi, aka tura shi jakada Faransa. In da muƙami na sayarwa ne, ai da bai rasa wannan ba. Kafin haka ma, a 1880, an yi masa tayin takarar mataimakin shugaban ƙasa ya ƙi, bisa shawarar Sanata Conkling. Chester Arthur ya karɓa, aka harbe Garfield, sai Arthur ya gaji kujerar shugaban ƙasa a 1881.

Ta uku, wai bai tsinana komai ba: a Paris shi ya karɓi Mutum-mutumin 'Yanci a madadin Amurka a 1884, kuma yana gwamnan New York ya sa hannu a dokar 1896 da ta haɗe Brooklyn da birnin New York.

Abin mamaki, masu sukar sun tsallake inda laifinsa yake. Daga baya, yana mataimakin shugaba Harrison, shi ke jagorantar zaman majalisar dattawa lokacin da 'yan Democrat suka yi ta jan muhawara don kashe ƙudurin Lodge, wanda zai kare ƙuri'ar baƙaƙen fata a Kudu. Morton ya ƙi amfani da kujerarsa ya katse su, wai don kada ya nuna ɓangaranci. Ƙudurin ya mutu a 1891, jam'iyyarsa ta ajiye shi a zaɓen 1892, baƙaƙen fata kuma suka shafe shekaru fiye da 70 ana tauye musu haƙƙin zaɓe. Duk mai son tuhumar Morton, to ya tuhume shi a nan.