IDO BAI SAN KIMAR WANNAN RUWA BA

A rangadin da muka yi na makarantun ƙasar Gaya da Ajingi bayan ɗaukewar ruwa, wani hedimasta ya jawo aljihun teburinsa ya nuna mana abin da ya karɓe daga hannun wani yaro ɗan babban aji. Abu biyu ne: wani ɗan bututu mai kama da alƙalami wanda ake yi wa caji kamar wayar hannu, da wata tsohuwar kwalbar maganin tari cike da ruwa mai yauƙi, yana ƙamshin mangwaro. Yaron ya ce wansa da ke zaune a birni shi ya haɗa ruwan da hannunsa, domin na kanti ya yi tsada, kuma ya yi alkawarin koya masa in an yi hutu, ya riƙa sayar wa abokai.

Wannan ita ce tabar lantarki, wadda wani mai haɗa magunguna ɗan ƙasar Sin, Hon Lik, ya ƙago a shekarar 2003. Ba ta da ganye, ba ta da wuta. Batir ne ke ɗumama ruwan, ya zama tururi, a zuƙa. Shi ruwan kuwa haɗi ne na gilisarin, da wani sinadari wai shi furofilin gilaikol, da kayan ƙamshi, da nikotin, watau abin nan da ke cikin taba wanda ke kama mutum ya kasa rabuwa da ita.

To, wani zai ce ina abin tashin hankali a nan? Ai tun kaka da kakanni ana daka taba a gida, a sa mata kanwa, dattijo ya ɗura a battarsa. Haka ne. Amma dattijon nan ganye ya daka, ya san gonar da aka yanko shi, in kanwa ta yi yawa harshensa zai gaya masa. Hausawa sun ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima. Wannan ruwa dai ido bai san kimarsa ba.

Ga lissafi, tun da mu malamai ne. A Ingila da ƙasashen Tarayyar Turai doka ta hana sayar da ruwan da nikotin ɗinsa ya wuce miligiram 20 a cikin mililita ɗaya. Amma tsagwaron nikotin da masu haɗi suke saya su sirka yakan kai miligiram 100 a mililita ɗaya, ninki biyar ke nan. Cokalin shayi yana cin mililita 5, watau miligiram 500. Yaron da muke fama da shi a aji kan rabawa da ninkawa, shi ne zai zauna a zaure da sirinji da fitilar waya ya auna wannan? In ya zube a hannu fata tana tsotsarsa. In an sha, sai amai da jiri da farfaɗiya, wani lokaci numfashi ya tsaya. A watan Disamba na 2014 wani yaro ɗan shekara ɗaya ya mutu a jihar New York ta Amurka bayan ya sha irin ruwan nan a gida. Ku duba gidajenmu, inda yara goma ke wasa a tsakar gida ɗaya, kwalba kuwa tana ƙamshin alewa.

Har wa yau akwai abin da ya fi wannan damunmu, shi ne ina za a samo kayan haɗin. Sunan furofilin gilaikol ba baƙo ba ne a ƙasar nan. Daga ƙarshen 2008 zuwa farkon 2009 yara 84 suka rasu saboda maganin haƙori mai suna My Pikin, domin an sayar wa masu yin maganin dayatilin gilaikol, guba mai kashe ƙoda, a matsayin furofilin gilaikol. Su biyun ruwa ne garai-garai, masu zaƙi, ba mai rarrabe su da ido. In kamfani mai rajista ya yi wa rogo kallon kitse, ina ga saurayin da ya auno a jarka wadda ba ko takarda a jikinta? A Amurka ma, daga 2019 zuwa Fabrairun 2020, mutum 2,807 suka kwanta asibiti da ciwon huhu, 68 suka mutu, aka gano yawancinsu sun zuƙi ruwan haɗin bayan fage ne, na wiwi, wanda aka sirka da wani mai na bitamin E. Man nan ana shafa shi a jiki lafiya lau, amma huhu bai karɓe shi ba. Haka kayan ƙamshin cincin da lemo: ciki aka yi wa su.

Ba mu ɓoye ba, likitocin Ingila suna cewa ga babban mutum wanda sigari ta riga ta kama, tabar lantarki da hukuma ta gwada ta fi sigari sauƙin illa. Wannan magana ce a kan mai neman fita. Yaranmu kuwa shiga ake koya musu, da ruwan da ba wanda ya gwada. Ƙasar Indiya ma hana abin ta yi ɗungum a 2019.

Dokar taba ta Nijeriya ta 2015 ta hana sayar wa wanda bai kai shekara 18 ba taba. A ganinmu ruwan nikotin bai kamata ya tsira ba don kurum ya canja riga. Muna roƙon hakimai da dagatai da masu unguwa na Masarautar Gaya su sa ido a kan masu teburi da masu cajin waya da ke kusa da makarantu. Malaman kimiyya kuma, musamman waɗanda muke horarwa yanzu, su kai lissafin cokalin nan gaban allo, gama yaro ya fi jin abin da ya lissafa da kansa bisa ga abin da aka faɗa masa da bulala. Gaya garin maƙera ne tun zamanin Abagayawa, ba mu rasa sana'ar hannu da za mu koya wa yaro mai son haɗe-haɗe ba.

Shi yaron nan ba a kore shi ba. An kira mahaifinsa, wanda ya rantse tun da aka kawo kwalbar gidansa turaren ɗaki ya ɗauke ta, kuma a kan tagar ɗakin uwar yara take kwana. Mun sa an miƙa ta ga malamin asibiti.